Fuskar Yaya Tsakanin Hoto Biyu

Muna sallame sallar asuba muka bar Azare, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗaukewa ba. Ni ne, da wani maƙwabcina ɗan kasuwa da ya saba zuwa Jidda saro turare da dogayen riguna, sai direban da zai kai mu Kano. Umara muka nufa, kuma Allah ya nufa mun yi ta. Amma ku da kuke zuwa shagona na hoto kuna tambayar me ya sa na dawo ba na son zancen tafiyar, ga amsarku. Aike ne ya kai ni, kuma ban isar da shi yadda aka aike ni ba.

Inna ce ta aike ni. Yayana, wanda nake bi, ya tafi aikin hajji tun ban yi aure ba, bai dawo ba. An fi shekara ashirin. Ya samu aiki a Jidda, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, mu dai sai murya: da can a kaset, yanzu a waya. Inna kuwa ta tsufa, yanar ido ta fara rage mata gani. Da zan fita ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ka ce masa ya zo in gan shi tun ina ganin gari. In bai samu zuwa ba, kai mai hoto ne. Ka kawo min shi da iyalinsa duka a hoto ɗaya, in san da wa da wa na bari a duniya."

Hanya ba ta ba mu wahala sosai ba, in ban da ramukan da ruwa ya cika har ba a gane zurfinsu sai mota ta faɗa. Kogin Jama'are ya kawo, gonakin gefen titi sun yi kore shar. A Wudil muka tsaya shan shayi, mai shayin ya ji inda za mu, ya ɗora mana addu'o'in da za mu yi masa a Ka'aba har sai da na fara mantawa da nawa.

A filin jirgin Kano aka fara yi mini ɓarnar da ban gane ɓarna ce ba. Kayana sun yi nauyi. Inna ta cika jaka guda da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da man shanu da kilishi, ga hula da ta sa aka ɗinka wa Yaya. Mai awo ya ce a rage. Na dubi daddawar Inna, na dubi ƙarfen nan mai ƙafa uku da nake ɗora kyamara a kai, na san wanda za a tambaye ni in na dawo. Na zare ƙarfen na ba direba ya mayar gida. Abokin tafiyata ya ce ai hannu ma ƙafa ce in mutum ya iya. Muka yi dariya.

Jirgi ya yi jinkirin da ya saba. Da muka sauka aka buɗe ƙofa, sai na ji kamar an lulluɓe ni da bargon da aka tsoma a ruwan zafi. Zafinmu na gida gasa mutum yake yi, na Jidda dafa shi yake yi. Muka wuce Makka kai tsaye muka yi abin da ya kai mu. A can ban taɓa kyamara ba, kuma ba zan ce komai a kai ba, don abin da zuciya ta ji a wurin ba na hira ba ne. Ranar Litinin muka dawo Jidda, muka sauka a wani ƙaramin masauki a Sharafiyya, unguwar da Yaya yake.

Na ɗauka ina isa zan gan shi. Ashe a Madinar Masana'antu yake kwana, can kudancin gari, a ɗakin ma'aikatan wani babban sito inda yake lodin kaya. Sai yammacin Alhamis yake zuwa gida, ya koma yammacin Juma'a. Mutum ya ƙetare teku don ganin ɗan'uwansa, a ce masa ya jira Alhamis. Na jira.

Kwanakin jiran na bi abokin tafiyata yawon kasuwa. Sharafiyya unguwa ce da ba ta da sarari: bene manne da bene, shago manne da shago, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗigo wa mai wucewa a ka. Kowane yare na duniya za ka ji a layi ɗaya, kuma ba za ka yi nisa ba ka ji Hausa, wata ta Damagaram, wata ta Cadi, wata kuma ta sha Larabci har sai ka kasa kunne. Da safe muna cin wake da ake kira ful da wata faffaɗar gurasa mai zafi, tamis, wadda riyal guda ke saya maka wadda za ta ishi mutum biyu. Da rana shinkafa bukhari da kaza. Abin da ya fi ba ni dariya, na tarar da Larabawa a layi gaban wani dattijo Bahaushe suna jiran abin da suke kira siriya. Na leƙa, tsire ne, har da ƙuli. Na ce wa dattijon tsirensa ya fi ni sa'a, ya samu iƙama. Iƙama ita ce takardar zama, kuma a can ita ce gaisuwa, ita ce hira, ita ce abin da ke hana mutum barci.

Na so in ɗauki hotunan titi, amma duk inda na ɗaga kyamara sai wani ya kawar da fuska, wani ya ɗaga min yatsa. Abokin tafiyata ya ce in mayar da ita jaka: rabin mutanen da nake gani ba sa son a san suna nan. Tun daga nan na riƙa yawo da ita a rataye kamar laya.

Gidan Yaya a can saman wani tsohon bene yake, ɗaki biyu da aka yi da bulo da kwano a kan rufin, tsakanin tankunan ruwa da faifan tauraron ɗan'adam. Matarsa mutuniyar Damagaram ce, tana dafa abincin sayarwa. Da ta buɗe jakar Inna ta ji ƙamshin daddawa sai ta zauna ta yi kuka. 'Ya'yan kuwa toshe hanci suka yi. Sun gaishe ni da "Ahlan ya ammi", wato maraba da baffa. Babbar tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki Larabci ke fitowa. Na ce mata kakarta tana gaishe ta, ta yi murmushi irin na wanda aka gaya wa sunan wani gari mai nisa.

Yammacin Alhamis na ji takunsa a matakala, a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Da ya shigo na miƙe. Na bar saurayi mai faɗin ƙirji wanda ke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya. Wanda ya shigo ya ranƙwafa, gemunsa ya yi fari, kayan aikinsa sun yi baƙi da gumi da ƙura. Ya rungume ni ya kira ni da sunan da ba wanda ya ƙara kirana da shi tun rasuwar babanmu. Muka daɗe a haka.

Da muka natsu hannuna ya tafi kan kyamara, sabo ne. Ya sa tafin hannu ya rufe mata ido.

"A'a. Ba za ka kai wa Inna ni a haka ba. Bari gobe in yi wanka, in yi aski, in sa farar riga."

Na ce, "Yaya, guda ɗaya kawai, na ajiya."

Ya ce, "Gobe."

Na sauke ta. Ƙani ba ya jayayya da wansa a daren farko.

Bayan mun ci abinci na isar da saƙon Inna. Ya juya kofin shayi a hannunsa. Sannan ya ce fasfonsa yana hannun kafili, wato mutumin da ya tsaya masa ya ɗauke shi aiki, kuma ba ya fita ƙasar sai da sa hannunsa. Duk shekara yana roƙon a ba shi izinin zuwa gida ya dawo, duk shekara ana ce masa bukra, gobe. Abin da ake iya ba shi nan take shi ne fita ta har abada. In ya karɓa, ba shi ba dawowa, ga yara a nan aka haife su, ƙananan ko takarda ba su da ita.

"In na je na ga Inna, na rasa waɗannan. In na zauna da waɗannan, ka san sauran. Kai gaya min wanne zan ɗauka."

 Na tafi da maganganu masu zafi da na tanada tun daga gida, na shekarun da ya bar mana ɗawainiya, na jana'izar babanmu da bai zo ba. Duk suka narke a bakina. Ya rage saura hoto.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a saman benen. Labari ya bazu cewa mai hoto ya zo daga gida za a kai wa tsohuwa, sai taron ya fi wanda na zata. Ƙannen matarsa sun zo da nasu iyalin, ga wani maƙwabci ɗan Cadi da Yaya ya ce ya fi ɗan'uwa, shi ma dole ya shiga. Yaya ya fito fes, farar riga, ga hular Inna a kansa. Ya tsaya a gaba, a tsakiya, kamar yadda ya dace da mai gida.

Matsalar ita ce wurin. Rufin dogo ne amma siriri. Na ja baya har gadon bayana ya manne da tanki, duk da haka idon kyamara bai ɗauki ko rabinsu ba. Tsakanina da Yaya bai fi in miƙa hannu in taɓa shi ba. Ba a sauka titi da mata da yara marasa takarda a yi hoto. Sai na yanke shawarar yin abin da ake yi wa faɗin fili: a ɗauka gunduwa-gunduwa daga hagu zuwa dama, kwamfuta ta ɗinke su su zama dogon hoto ɗaya. Na taɓa yi wa filin idi da kasuwar shanu, ya yi kyau. Ƙa'idar da na sani ita ce ka sami wata alama da za ta fito a ƙarshen wannan gunduwa ta kuma fito a farkon ta gaba, don kwamfuta ta san inda za ta haɗa.

A bayan kan Yaya, can nesa, akwai hasumiyar wani masallaci. Ita na riƙe alama.

Kyamarar sabuwa ce, irin mai allo a baya, wadda ba a manna ta a ido, sai dai a miƙa hannu ana kallon allon. Na miƙa hannuwana na ce kowa ya tsaya cak. Na ɗauki na hagu, na juya jikina, na ɗauka, na juya, na ɗauka, har na kai ƙarshen dama. Rana tana dukan allon, da ƙyar nake ganin abin da ke ciki. Na kare da hula na duba, abin da idona ya nema shi ne hasumiya. Tana nan a wannan, tana nan a wancan. Yara sun fara guje-guje, matar Yaya tana kira abinci zai huce, ƙasa kuma motar da ke mayar da su Yaya wurin aiki ta fara danna oda.

Yaya ya ce, "Halas?" Wato an gama?

Na ce, "Halas."

Ya shiga ɗaki ya cire farar rigar, ya ninke hular ya ba matarsa ta ajiye, ya sa kayan aiki. A bakin matakala ya riƙe kafaɗata ya ce in ce wa Inna ta yafe masa. Ya sauka.

Ranar Asabar na tafi Bagdadiyya, unguwar ofisoshi da shaguna, inda aka kwatanta min wani shagon wanke hoto. Mai shagon sa'ana ne, baƙi kamar ni, sanye da farar riga irin ta Larabawa. Da ya ji ina lalubar Larabci sai ya ce, "Yi Hausa, ya akhi, ɗan'uwana, ina ji." A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa ta Sudan. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ya tambaye ni ko har yanzu ana yin fura mai kyau. Ya sa a kawo min shayi da na'ana'a, ya zura katin kyamarata a kwamfuta.

Muna kallo hoton ya haɗu, dogo, mai kyau. Ga matar Yaya tana dariya, ga yara, ga ɗan Cadi ya ƙame kamar soja, ga hasumiya a miƙe. Har na fara hamdala sai idona ya kai tsakiya.

Ga hular Inna, ga farar riga, ga kunnuwa biyu, ga farin gemu. Amma fuskar ta matse. Idanun sun haɗu wuri ɗaya kamar za su shige juna. Babu hanci. Bakin ya zama wani ɗan tsagi. Duk wanda ke cikin hoton ya fito mutum, ban da wanda aka aike ni dominsa.

Na ce kwamfutar ce ta yi kuskure, ya sake. Ya sake, haka. Ya ce bari mu duba gunduwoyin ɗaya-ɗaya. A na farkon, Yaya yana can bakin dama, an yanke shi daga kan ƙwayar ido: kunci ɗaya da ido ɗaya. A na biyun yana bakin hagu, ɗaya kuncin da ɗaya idon. Abin da ke tsakani ba ya nan, ba ya can.

Na ce, "Ta yaya? Ga hasumiya a duka biyun."

Ya ce, "Shuf, duba. Miƙa babban yatsanka ka saita shi da agogon bangon can. Rufe ido ɗaya. Yanzu buɗe shi ka rufe ɗayan."

Yatsan ya yi tsalle ya bar agogon.

"Agogo yana nesa, bai motsa ba. Yatsa yana kusa, ya gudu. Da ka juya jikinka da hannu a miƙe, kyamara ba juyawa kawai ta yi ba, wuri ta canza, kamar daga wannan ido zuwa wancan. Hasumiya tana nesa, ta tsaya maka. Ɗan'uwanka yana kusa, ya zame gefe, tsakiyar fuskarsa ta faɗa waje. Da idon kyamarar ya tsaya wuri ɗaya ka juya ta a kansa, da mafi mushkila, ba matsala."

Tun kafin ya ƙarasa na gane, kuma ganewar ce ta fi ciwo. Abin ba baƙo ba ne a wurina. Kyamarar da na koyi aiki da ita mai ido biyu ce, na sama na leƙawa, na ƙasa na ɗauka. In mutum yana nesa, abin da ka leƙa shi za ka samu. In ya matso kusa, sai ka wanke hoto ka tarar ka sare masa hula. Maigidana na lokacin ya sha ranƙwashina a kan haka har hannuna ya saba. Ciwo ɗaya ne, riga kawai ya canza. A filin idi da kasuwar shanu komai nesa yake, shi ya sa bai taɓa kama ni ba.

Na kira Yaya, wayarsa a kashe. Ranar Lahadi da safe na ɗauki tasi zuwa Madinar Masana'antu. Titunan can faffaɗa ne, ba bishiya, ba mai tafiya a ƙafa, sai manyan motoci da dogayen katangu da warin roba da mai. Na sami siton. Mai gadi ya ga kyamara a wuyana ya girgiza kai tun ban yi magana ba. Na roƙe shi da ɗan Larabcin da nake da shi, na ce ba shiga zan yi ba, a kira min shi bakin ƙofa, ƙiftawar ido kawai. Ya ce in jira. Na tsaya a inuwar katanga, inuwar tana raguwa ina matsawa, har ta ƙare. Wajen azahar wani ma'aikaci ɗan Nijar ya fito ya ce min tun jiya aka tura su Yaya da motocin kaya wani gari can kudu, ba za su dawo ba sai Alhamis. Jirginmu Talata ne, kuma takardar umara ba ta san uzuri ba.

Da yamma wayarsa ta shiga. Ana ta ƙarar inji a bayansa. Na ce, "Yaya, hoton nan akwai ɗan gyara."

Ya ce, "To ai kai ne mai hoto. Gyara mana." Ya yi 'yar dariya. Na ce to, muka yi sallama.

Na koma wurin matarsa ko akwai wani hotonsa a gidan. Ta zazzage akwati. Abin da aka samu ɗan mitsitsi ne na takardar aiki, tun yana da baƙin gemu, hatimi ya bi ta kan fuskar. Mutum ya yi shekara fiye da ashirin a gari, abin da ke akwai na kamanninsa ke nan.

Litinin na koma Bagdadiyya da shi. Mai shagon ya duba ya ce ba zai yi ba, ya yi ƙanƙanta, in aka buɗa shi zai watse. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo yana kallona.

"Ya akhi, kuna kama. Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Na ce e.

"Tsaya can jikin bango, ka juyo kamar yadda ya tsaya. In ɗauki tsakiyar fuskarka in cike masa. Wallahi ba wanda zai gane."

Na san ba daidai ba ne. Na kuma tuna tsohuwa tana jira a bakin ƙofa. Na je na tsaya jikin bango. Ya yi aikinsa da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba: ya buɗa fuskar, ya dasa hancina da tsakiyar leɓena, ya daidaita launi, ya ƙara 'yan layukan tsufa. Da ya gama, mutum ne sosai a tsakiyar hoton, kamili, mai kwarjini. Na dube shi ban san ko wane ne ba. Aka wanke shi dogo, aka naɗe a cikin bututun kwali. Har na kai ƙofa na dawo na ce ya wanke min gunduwoyin nan biyu ma, yadda suke. Ya ƙi karɓar komai a kansu.

Talata muka taso. Abokin tafiyata yana ta fama da katan-katan na turare, yana murna kasuwa ta yi. Ni bututun kwali ne a cinyata har Kano. Muka kwana a can, washegari muka kama hanyar gida.

Na tarar Inna ta sa an share tsakar gida, maƙwabta sun taru. Na fara gaya mata ba zai samu zuwa ba yanzu. Ta ce, "To." Na warware hoton a kan tabarma, aka danne gefunan da kwanuka. Mata suka yi ta salati suna yaba yaran. Inna ta sunkuya har hancinta yana kusan taɓa takardar, tana bi da yatsa ina gaya mata sunaye. Ta tsaya a kan babbar jikarta ta ce, "Wannan goshina ne." Ta kai tsakiya. Ta daɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyawa.

Ta bari sai da mutane suka watse. Sannan ta ce, "Hular ta yi masa. Kunnuwansa ne. Amma ni na haife ku duka biyu, na san inda hancin kowa ya tsaya."

Na gaya mata komai, tun daga hasumiya har jikin bango. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in kawo na gaskiyar. Na ba ta. Ta riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta kawo su kusa da ido, tana matso da su tana neman bakin da za su haɗu. Ta gwada ta sama, ta gwada ta ƙasa. Na ce, "Inna, ba za su haɗu ba." Ta ci gaba da gwadawa kamar ba ta ji ni ba. Can ta ajiye su a cinya ta ce, "Ya yi furfura."

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, kuma na saye shi da tsada. Ku 'yan'uwana masu hoto, in za ku ɗinka hotuna, idon kyamara ya tsaya wuri ɗaya, ku ne za ku zagaya shi. Kada gaɓar hoto ta faɗa kan mutum, balle wanda ya fi kowa kusa da ku. Kafin hoton taro, ku ɗauki kowa shi kaɗai, ko ya ƙi, ko yana cikin kayan aiki. Wanda ranarsa ba a hannunsa take ba, kada ku yarda ya ce muku gobe. Sauran abin da na gani, na mutanenmu da ke lodin kayan wasu har ƙashin bayansu ya lanƙwashe, ba su da ikon zuwa su ga uwa, wannan ba ni da darasin da zan fitar daga ciki. Baƙin ciki ne kawai, na kawo shi gida.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Yaya ya kira. Na kai wa Inna wayar na tsaya a gefe. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa kafili ya ce wataƙila bayan hajji, sannan ya tambaya ko hoto ya iso, ko ya fito da kyau.

Gunduwoyin biyu suna kan cinyarta. Ta dube su, ta gyara riƙon wayar.

"Ya iso," ta ce. "Ya yi kyau ƙwarai. Na gan ka sarai, ɗana."